Godiya ga ofishin zanen gini da maginan da suka yi mini gidan hutu a Agadas

Assalamu alaikum.

A bainar jama'a na yi ta ƙorafi lokacin da kuka ƙi karɓar zanen da na kawo muku, don haka a bainar jama'a ya kamata in yi godiya. Shekara 20 ke nan ina kasuwanci a Kano, kuma abin da idona ya saba gani shi na zo da shi: bene na bulo da siminti, rufin kwano, da manyan tagogin gilashi. Filin yana bayan gari, ta hanyar Azel, kusa da korin Telwa, wato rafin da ke kawo ruwa da damina. Wuri nake so da zan riƙa sauke iyali lokacin bikin Bianu da hutun makaranta.

Injiniya bai musa mini ba. Cewa ya yi mu haɗu a filin da azahar, a watan Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ya ajiye guntun kwano da tubali ɗaya a rana, bayan ɗan lokaci ya ce in taɓa kowanne. Ban iya riƙe kwanon ba. Shi kuwa Baba, babban magini, bai ko kalli takardata ba. Ya ja hannuna zuwa gindin wata goriba, ya nuna mini busasshen tarkacen da ambaliya ta rataye a jikinta, daidai ƙuguna. Ya ce, "Alhaji, nan hanyar ruwa ce. Zai yi shekaru bai zo ba, amma bai manta hanya ba." A daidai wurin na yi niyyar sa ɗakin baƙi.

Kuka matsar da gidan kan tudu, ba ku sare ko bishiya ɗaya ba. Aduwar da na ce a cire ita ce yanzu tsakiyar tsakar gida, a ƙarƙashinta ake dafa shayi. Kaurin bango ya fi kamu guda, kuma da ƙasar yankin aka buga tubalin, shi ya sa mai tahowa daga nesa ba ya rarrabe gidan da tudun sai ya matso. Gefen arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke kwaso ƙura, kun bar shi da 'yan ƙananan tagogi can sama. Da rana bangon yana shanye zafi, da dare ya sake shi, daidai lokacin da sanyin Disamba ke shiga ƙashi. Matata, wadda ta fi ni adawa da "gidan ƙasa", ita ce ke fara hawa soro da tabarma bayan isha'i, tana nuna wa yara duwatsun Ayar a farin wata.

Kunya ta kama ni da na tuna a gindin hasumiyar babban masallacin Agadas na girma, mai tsawon mita 27, ta ƙasa zalla, wadda aka fara ginawa a ƙarni na 16. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya, ni kuma ɗan gari ina neman in kawo masa kwano.

Kun faɗa mini gaskiya tun farko cewa gidan ƙasa yana son yaɓe bayan damina, kuma sai an riƙa duba indararo kafin ruwan Agusta. Hakan ne, akwai ɗawainiya da kashe kuɗi. Na gode da ba ku ɓoye mini ba don ku samu aiki.

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Injiniya, Allah ya yi wa ofishinku albarka, ya saka wa leburori da masu jan ruwa da alheri. A ajiye mini ranar yaɓen bana, ina so yarana su sa hannu a kwaɓin.

Naku,
Wani ɗan Agadas mazaunin Kano