Zuwa ga masu gonakin dakwara: ku duba gindin itatuwanku kafin ku fara tsaga

Assalamu alaikum, 'yan uwa manoman ƙaro da ke sayen dashe a wurinmu, da masu kawo mana ƙaro.

Damina ta ɗauke, ganyen dakwara ya soma rawaya, lokacin tsaga ɓawo don ƙaro ya fito ya ƙarato. Muna roƙon ku da ku zagaya gona tukuna saboda ƙwaron nan mai dogayen ƙahoni biyu, waɗanda sau da yawa sukan kai tsawon jikinsa ko su zarce.

Babban ƙwaron da kuke gani a kan reshe da damina ba shi ne mai yawan ɓarnar ba. Macen ce ke neman tsagar ɓawo ko rauni ta zuba ƙwai. Abin da ke fitowa tsutsa ce fara, mai kauri ta wajen kai, jikinta gaɓa-gaɓa. Takan fara cin naman da ke ƙarƙashin ɓawo, inda abincin itacen ke bi, sannan ta huda ta shige ciki, ta yi watanni tana ci, wani lokaci fiye da shekara. In raminta ya zagaye reshe, reshen ya mutu ke nan. In a gindi ne, itacen zai yi ta tsayuwa kamar lafiyayye har iskar hadarin farko ta karya shi.

Ku tsuguna ku duba. Za ku ga gari kamar na masassaƙi a ƙasa ko a mararrabar rassa, da ƙaro baƙi-baƙi gauraye da garin yana tsattsafowa daga inda ba ku tsaga ba. Rami buɗaɗɗe mara gari, wanda fensir zai shiga, ƙwaron ya riga ya fita. Mai sabon gari shi ne abin nema: ku zura waya mai lanƙwasa, irin ta birkin keke, ku bi ramin har ku soke tsutsar, sannan ku toshe bakin da yumɓu. Reshen da ya bushe ku yanke shi ƙasa da ƙarshen ramin, ku ƙone a ranar. Tara shi a gefen gona don girki kiwon ƙwaro ne. Haka bagaruwa ko farar ƙaya da aka sare: a ɓare ɓawonsu, a kai nesa.

Wahalallen itace ya fi jawo ƙwaron, wato wanda gobarar daji ta lasa, ko fari ya galabaitar, ko aka yi wa sara da gatari. Saboda haka kada a tsaga dakwarar da ba ta kai shekara 4 zuwa 5 ba. A tsaga rassa, a bar gindi. Faɗin ɓawon da za a cire kada ya wuce santimita 2 zuwa 3, kuma kada ƙarfe ya ci naman itacen. Wanda ya riga ya kamu, a bar shi ya huta bana.

Don Allah kada ku fesa maganin ƙwari. Ba ya isa ga tsutsar da ke ciki, ƙaron kuma a lemon kwalba da alewa da magunguna yake ƙarewa. Ƙaron da ya gauraya da gari ku ware masa buhunsa daban, za mu saya a kan nasa farashin.

Allah Ya ba da albarkar kaka.

Naku,
Masu gidan renon dashe da sayen ƙaro