Likita, an ce ni ma namiji in riƙa duba ƙirjina

Assalamu alaikum Likita. Ina yi maka fatan alheri, da kai da abokan aikinka na wannan shiri.

Ni magidanci ne, shekarata 43, ina sayar da yadi a Zariya. Bara aka gano sankarar mama a jikin yayata, muka haɗa kuɗi aka kai ta Masar aka yi mata aiki. A can likitan ya tambayi tarihin gidanmu. Da ya ji gwaggonninmu biyu wannan ciwon ne ajalinsu, mahaifinmu kuma sankarar furostet (wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) ce ta kwantar da shi, sai ya sa aka yi mata gwajin gado. Aka samu tangarɗa a ƙwayar halittar da ake kira BRCA2.

Da ta dawo ta tara mu a ɗakinta, ta miƙo min takardar, hannunta har yana rawa. Ta ce, "Ƙanena, likita ya ce saƙon nan har da ku maza." Wai idan uba ko uwa na ɗauke da ita, kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira. Wai kuma namijin da ya gada, cikin 100 kusan 7 kan kamu da sankarar mama, ga haɗarin ta furostet a kai. Wallahi ni da na ɗauka ciwon mata ne zalla, kuma ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa.

Na ɗan taɓa zancen a majalisarmu ta bayan la'asar, aka bushe da dariya, wani ya ce yaushe na fara shayarwa. Tun ranar na ja bakina na yi gum. Amma kullum in na shiga wanka sai in tsinci kaina ina laluben ƙarƙashin kan nonona, ban ma san me nake nema ba. Na hagun kamar ya ɗan fi tauri, ba ciwo, ba ruwa, ban sani ba ko tsoro ne ke sa ni jin haka.

Likita, shin lallai ne ni ma in yi gwajin jinin nan, kuma ana yin sa a asibitocin koyarwa na nan gida, ko sai an aika waje? Takardar ta ce namiji mai wannan gado ya fara duba kansa da zuwa wurin likita tun daga shekara 35, ga shi na wuce da takwas. Yaya ake dubawar? Hoton mama da ake yi wa mata, ana yi wa namiji?

Abin da ya fi hana ni barci 'ya'yana ne. 'Ya'ya mata uku gare ni, babbar an sa ranarta bayan Babbar Sallah. Ko uwarsu ban gaya wa ba. In na yi gwajin aka samu, in faɗa wa dangin mijin, ko in bari sai ita yarinyar ta yi nata? Ina tsoron a fasa auren, ina kuma tsoron haƙƙin ɓoyewa.

Don Allah a amsa min a shirin mako mai zuwa, a sakaya sunana.

Naka mai sauraro,
daga Zariya