Fim ɗin Rachid Bouchareb da fushin Faransawa

Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili in yi magana kan wani daraktan fim na Faransa da ya kamata mutanenmu su san shi, wato Rachid Bouchareb, haifaffen Paris ne a 1953 amma iyayensa 'yan Aljeriya ne.

Tun 1985 mutumin nan ya fitar da dogon fim ɗinsa na farko, amma wanda ya fito da shi duniya shi ne Indigènes na 2006, labarin sojojin arewacin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙin duniya na biyu aka bar su a baya wajen ƙarin girma da hutu, har wajen abinci ma. Jaruman fim ɗin su biyar suka raba kyautar gwarzon jarumi a bikin finafinai na Cannes a Faransa, kuma a shekarar ne gwamnatin Jacques Chirac ta ce za ta gyara wani ɓangare na fanshon 'yan mazan jiya na ƙasashen da Faransa ta mulka, fanshon da aka daskarar tun 1959, wato Bafaranshe nasa na ƙaruwa, ɗan Afirka da suka kwana rami ɗaya nasa na nan inda yake. Wannan ya shafe mu kai tsaye don akwai 'yan Nijar cikin waɗanda aka kwasa aka sa musu kaki. Lokacin kowa yabon Bouchareb yake.

To sai 2010 ya fito da Hors-la-loi, nan fa aka ga tashin hankali. Labarin 'yan'uwa uku ne da aka ƙwace gonar ubansu a Aljeriya, suka ƙare a unguwar 'yan share-wuri-zauna ta Nanterre kusa da Paris, ɗaya ya dawo daga yaƙin da Faransa ta yi a Indochina (yankin Vietnam), ɗaya ya zama jigo a ƙungiyar FLN mai neman 'yanci, na ukun shi dai harkar dambe da neman kuɗi ya sa gaba. Abin da ya tayar da ƙura 'yan mintoci ne a farkon fim ɗin inda aka nuna kisan da Faransawa suka yi wa 'yan Aljeriya a garin Setif a 8 ga Mayu 1945, ranar da Turai ke murnar faɗuwar Jamus. Wani ɗan majalisar Faransa Lionnel Luca ya ce fim ɗin cin mutuncin Faransa ne tun bai kalla ba, ranar da aka haska shi a Cannes kuwa mutane sama da dubu suka yi zanga-zanga, sai da aka jibge 'yan sanda a ƙofa ana caje masu shiga.

Ni ban ce fim ɗin ba shi da aibu ba. Masana tarihi sun ce ya dunƙule kisan da aka yi makonni ana yi a Setif da Guelma da Kherrata kamar a wuni guda, kuma gaskiya ne an kashe Turawa wajen 100 a rikicin, su ma rayuka ne. Amma 'yan Aljeriya fa dubbai aka kashe, gwamnatinsu tana cewa 45,000, masana da yawa na kawo adadi ƙasa da haka, duk da haka dubbai ne, har jakadan Faransa a Aljeriya da bakinsa a 2005 ya amsa cewa masifa ce da ba ta da uzuri. To don Allah ina cin mutuncin? Abin da ke min ciwo kenan wallahi, da ya nuna ɗan Afirka yana mutuwa saboda Faransa an tafa masa, da ya nuna Faransa na kashe ɗan Afirka sai ya zama maƙiyi, alhali darakta ɗaya ne kuma uku daga cikin jaruman ma su ne dai na wancan fim.

Haka aka yi da Thiaroye a Senegal, inda aka bindige sojojin Afirka a 1 ga Disamba 1944 don sun nemi kuɗinsu, sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira shi kisan kiyashi, shekara 80 kenan.

Roƙona Edita, a tura wakilinku Maraɗi da Damagaram da Tawa ya zauna da iyalan 'yan mazan jiyan nan, wasu na nan riƙe da takardun fansho da lambobin kakanninsu, a ɗauki bayaninsu a buga mana.

Naku,
Mai karatu daga Maraɗi