Barka da Sallah, Yaya: a ɗauki Hajiya hoto kafin lalle ya goge

Assalamu alaikum Yaya,

Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Ki durƙusa ki gaishe mini da Hajiya da Baba, ki shafa mini kan yara.

Alfarma nake nema. Ina son zana Hajiya da jikokinta, idan ta amince. In ta ƙi, a bar maganar. Mai zanen da ke nesa da gida ba shi da madogara sai hoton da aka aiko masa. A nan New York, gidan tarihi na Whitney na ajiye da zanen da Arshile Gorky, mai zane ɗan Armeniya da ya shigo Amurka a 1920, ya yi na kansa da mahaifiyarsa. Mahaifiyarsa ta rasu da yunwa a 1919, abin da ya rage masa hoton da aka ɗauke su tare a garin Van a 1912. Kusan shekara 10 ya yi yana zana hoton nan, kuma a ƙarshe hannayen uwar farare ya bar su, ba yatsu.

Don haka ki fara da hannaye: ɗauka ta kusa, da lalle da zobe, tana riƙe da jaririn nan. Sai fuska, da hantsi ko bayan la'asar, a inuwar rumfa, hasken yana zuwa ta gefe ɗaya. Ranar tsaka tana zuba inuwa a ramin ido, filasha kuma na shafe ƙashin kunci. Kada a sa abin nan na waya mai ƙara hasken fata, yana goge layukan da su ne kamanninta. Kada a ce ta tsaya ƙyam; a bar ta a tabarma tana raba tuwo. A ɗauki atamfarta daban, a shimfiɗe. Ki turo ta WhatsApp a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoto.

Tsoffin hotunan akwati ma ina so. A cire su daga gilashi, a kwantar, a ɗauka daga sama. Dabarar Njideka Akunyili Crosby zan bi, 'yar marigayiya Dora Akunyili ta NAFDAC, mai zane ce, an haifi Njideka a Inugu a 1983, tana aiki a Los Angeles. Ana yin fotokwafin hoton, a kife shi kan takarda mai kauri, a shafa sinadarin asiton a bayansa, a murza da cokali har tawadar ta koma ƙasa, sannan a yi fenti a kai. Hoton yana fitowa a juye, shi ya sa ake juya shi a kwamfuta tukuna. Tawadar ruwa ba ta tashi, sai ta gari irin ta injin fotokwafi. Asiton in ya yi yawa dagulewa yake, kuma sai an buɗe taga.

Idan zanen ya iso, a naɗe zai zo. A bar shi ya miƙe da kansa, a sa firam yadda gilashi ba zai taɓa takardar ba, a rataye nesa da rana da bangon da ke jiƙa da damina.

Ki ɗauka yau ko gobe, tun lallen na da ja.

Ƙaninki