A Shigo da Turanci ta Ƙofar Hausa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi muku fatan alheri, ku da abokan aikinku. Ni malamin Turanci ne a wata sakandare a Zariya, kuma shafinku na koyon Turanci ba ya wuce ni. A makon jiya kun kawo dogon jerin abin da ake kira phrasal verbs, wato aikatau mai tafe da ɗan rakiya, kuka ce ɗalibai su haddace. Madalla da wannan ƙoƙari, amma ina da ja a kan haddar.

Yaro ya san look kallo ne. Ranar jarrabawar WAEC ko NECO sai ya ci karo da look after, ya ce ai waiwaye ne, alhali kula ake nufi, irin wadda uwa ke yi wa ɗanta. Look for nema ne, look into bincike, look down on kuwa raini. Wanda ya haddace su a jere, da an sauya jimla sai su cakuɗe masa.

Ni a aji kalmar "ci" nake fara rubutawa a allo. Sai su ce abinci. In ce to, cin bashi fa? Cin amana, cin mutunci, cin sarauta, cin jarrabawar da kuke fata? Wa ya taɓa tauna bashi ya haɗiye? Nan aji ke kaurewa da dariya, su da kansu su kawo mini shan iska, shan kashi da shan alwashi. Babu wanda ya koyi waɗannan daga jeri; a bakin iyaye da 'yan kasuwa suka tsince su, kowace a cikin zancenta. Bambancin kawai, mu suna muke jingina wa aikatau, Bature kuma 'yan ƙananan kalmomi irin su up da off da out.

Akwai kuma tarkon Turancinmu na gida, wanda jerinku bai taɓo ba. Kullum ana cewa put off the light, amma a wurin mai maki put off ɗage abu ne zuwa wani lokaci. Kashe fitila switch off ne ko turn off. Haka pass out: yaranmu sun san ta da faretin gama bautar ƙasa, ba su san tana nufin suma ba.

Roƙona shi ne ku riƙa ɗaukar aikatau ɗaya a mako, ku sa shi cikin jimlolin da yara ke ji a labarai, kamar ƙungiyar malamai ta yi call off na yajin aiki, wato ta janye, sannan ku ajiye takwararsa ta Hausa a gefe. In da hali ku fara da get, don ita ce ta fi wahalar da 'yan aji shidana bana.

Wassalam,
Wani malami daga Zariya