Wasiƙa daga Makka kan darbejiyoyin layinku

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata lafiya. Mu nan Makka Alhamdulillahi, sai dai zafi.

Na ga hoton layinku da ka turo min a WhatsApp bayan an sare darbejiyoyin nan don a ja shaguna, wallahi abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka da ɗan tsawo. Ku a can kuna ganin bishiya kamar ba komai ba ce tunda kun taso kun tarar da ita, mu nan da muke zaune tsakanin duwatsu da kwalta mun san kuɗinta.

Ka tuna Hajjin 2024 ai. Zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, mutum sama da 1,300 suka rasu, mafi yawansu waɗanda ba su da takardar izinin Hajji ne, suka yi ta tafiyar ƙasa cikin rana ba tanti ba mota, Allah ya jiƙansu. Duk wanda ya taɓa tsayuwar Arfa a lokacin bazara ya san inda mutane ke rububi, gindin bishiya ne. Kuma ka san wace bishiya ce ta cika filin Arfa? Darbejiya ce, irin wadda aka sare muku, an shuka dubbai tun shekaru da yawa ana ba su ruwa don alhazai su sami inuwa. Akwai turakun da ke feso ruwa sama, suna taimakawa, amma ni dai ban ga abin da ya kai inuwar nan ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kwalta da kankare suna shan rana tun safe su riƙe ta, da daddare su dinga sakinta, shi ya sa ko bayan Isha'i in ka taɓa bango za ka ji shi da ɗumi, ga kuma na'urar sanyaya ɗaki da kowa ya kunna tana huro iska mai zafi waje, ka sanyaya ɗakinka ka ƙara wa layi wuta. Ita bishiya tana tare rana tun kafin ta taɓa ƙasa, sannan ganyenta na fitar da danshin ruwan da saiwa ta jawo, iskar wurin ta yi sanyi. Nan ƙasar har doka akwai, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana sa ma'aikata aiki a rana daga 12 zuwa 3, kaga abin ba wasa ba ne.

Gwamnati ma ta farga. A 2019 aka ƙaddamar da shirin shuka bishiya miliyan 7.5 a Riyad, da ruwan da aka yi amfani da shi aka tace ake shayar da su, a 2021 kuma aka sanar da burin biliyan 10 a faɗin ƙasar. Na yaba, amma abin da ke damuna shi ne inda ake kai su. Manyan tituna da wuraren shaƙatawa sun yi kore, masu wucewa a mota da gilashi a rufe, alhali lungunan da 'yan uwanmu suke irin wajen titin Shari'a Mansur a nan Makka, inda mata ke zuwa kasuwa a ƙasa yara ke dawowa makaranta da azahar, nan ne aka fi buƙatar inuwa. Talaka shi ke tafiya a rana.

To ku da Allah ya ba ku damina fa? Nan sai an biya kuɗi kafin bishiya ta sha, ku kuwa in ka dasa a farkon damina sama ce za ta yi maka rabin aikin. Dan Allah ka tara matasan layi ku sake dasawa, amma kar ku yi irin na bikin dashe da ake ɗaukar hoto a watse. Wahalar tana rani na farko da na biyu, a kewaye ta da ƙaya ko bulo saboda awaki, kowane gida ya ɗauki guda ɗaya ya zama tasa, ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka ma ya isa in ba omo da yawa. Ku haɗa da magarya da tsamiya da mangwaro kar ya zama iri ɗaya, kuma a ɗan nisanta da bango da bututun ruwa, don saiwa in ta fasa wa mutum gini shi zai fara ɗauko gatari. Masu shagunan ma ku yi musu magana cikin mutunci, mai ciniki ya fi tsayawa inda akwai inuwa.

Kuɗin dashen da na kewayewa ka faɗa min nawa ne, zan turo nawa kason in sha Allahu ƙarshen wata. Ka gaida Hajiya da amarya da yara, ka ce wa mai unguwa ina gaisuwa.

Naka,
ɗan uwanka na Makka