A samar wa bakwaini na'urar CPAP a asibitocinmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan jariran da ake haifa da wahalar numfashi, musamman bakwaini waɗanda huhunsu bai gama ƙwari ba. A matsayina na ma'aikaciyar jinya, na sha ganin jariri yana nishi, hancinsa yana buɗewa, fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa, yana numfashi fiye da sau 60 a minti guda, uwar kuwa tana tsaye tana share hawaye da bakin mayafi.

Da yawa daga cikinsu ba sa buƙatar a zura musu bututu a maƙogwaro. Na'urar CPAP tana tura iska gauraye da oksijin ta ƙananan robobi biyu a hanci, ƙarshen tiyon kuma yana nutse cikin kwalbar ruwa kimanin santimita 5 yana fitar da kumfa. Matsin iskar da hakan ke haifarwa ne yake hana huhu rufewa bayan kowane numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da ita ga bakwaini masu wannan matsala, kuma a Malawi an daɗe ana aiki da samfurinta mai araha mai suna Pumani.

Ina kira ga gwamnatocin jihohinmu su kai ta manyan asibitocin ƙananan hukumomi, tare da wutar sola da ba ta yankewa da na'urar auna oksijin a jini, domin oksijin da ya wuce kima yana iya makantar da bakwaini. A kuma horar da mu, mu da muke kwana a kansu.

Wata ma'aikaciyar jinya,
Katsina